Abin da ke Rushe Ginin Ƙasa

Kowace shekara, idan marka ta kama a watan Agusta, a kan ji labarin gidajen da suka rushe a birane da ƙauyuka, wani lokaci har da hasarar rayuka, galibi kuwa da dare, mutane suna barci. In abin ya auku sai a ce ai ginin ƙasa ne, ya tsufa, kwanansa ya ƙare. Wannan magana kuwa ba ta kama hanya ba. Tsufa shi kaɗai ba ya kayar da bango. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda a ke danganta asalinta da ƙarni na 15, da ƙasa aka yi ta. Haka Gidan Makama na Kano, wanda a ke jingina farkonsa ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Hasumiyar masallacin Agadas a Jamhuriyar Nijar, mai tsawon mita 27, an fara gina ta wajen 1515, aka sāke ta a 1844, ita ma da ƙasa. Ga kuma ɗakin da bai cika shekara goma ba ya zube a damina guda. Bambancin da ke tsakaninsu ba na shekaru ba ne. Waɗancan an tsare su daga ruwa, ana kuma bin su da gyara zamani bayan zamani, wannan kuwa an gina shi an manta da shi.

Ruwa shi ne babban abokin gābar ginin ƙasa. Gara da ɓera da saiwar itace duk suna da nasu rabo a cikin ɓarna, amma yawanci ruwa ne ke buɗe musu ƙofa. Wanda ya san ta inda ruwa ke shiga gini ya san rabin sana'ar magina.

Ƙasa da Tubali

Ƙasar gini ba abu ɗaya ba ce. A cikinta akwai tsakuwa, da yashi, da kuma yumɓu. Tsakuwa da yashi su ne ƙashin bango, su ke ɗaukar nauyi. Yumɓu kuwa shi ne ƙāron da ke riƙe su wuri ɗaya. Halinsa shi ne in ya sha ruwa ya kumbura ya saki, in ya bushe ya tsuke ya yi tauri. To, daga wannan hali ne alherin ginin ƙasa da sharrinsa duka suka fito. Ƙasar da yumɓunta ya yi yawa, irin baƙar ƙasar fadama, ta kan tsattsage da ta bushe. Wadda yashi ya rinjaye ta kuwa ba ta kama jikinta, ko da hannu aka murza sai ta riƙa zuba. Shi ya sa magina suka fi son jar ƙasa mai ɗan burji, wadda ke tsaka-tsaki. Mai son ya gwada ƙasarsa kafin ya kashe kuɗi, sai ya zuba ta cikin kwalba zuwa rabi, ya cika da ruwa, ya girgiza sosai, ya ajiye ta kwana. Tsakuwa da yashi za su fara kwantawa a ƙasa, yumɓu ya zauna a bisa, kowa da iyakarsa a fili. In yumɓun ya kusa rabi, ƙasar tana bukatar a sirka ta da yashi.

Tubalin Hausa da hannu a ke mulmula shi, gindinsa da faɗi, kansa da tsini, a shanya shi a rana har ya bushe ƙarau, abin da kan ci mako biyu ko fiye. A kan jera shi kansa sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ita wannan ƙasar kwaɓi ita ce inda magina na da suka fi ba da ƙarfi. Su kan zuba mata ciyawa da kashin doki, a jiƙa, a tattake, a bari ta kwana biyu, a komo a sāke jiƙawa a tattake, har sai ciyawar ta ruɓe ta saje da ƙasar. Zaren ciyawar shi ke hana tsaga yin nisa, ruɓewar kuma ta sa ƙasar ta yi danƙo. Mai gaggawa, wanda ya kwaɓa da safe ya yi gini da rana, ya sami bango, amma ba irin wancan ba.

Har wa yau ba a ɗora bango gaba ɗaya. Sahu kaɗan a ke yi a yini, a bar shi ya sha iska, kana a ci gaba. Kuma a kan fara shi da kauri a gindi, ƙafa 2 ko fiye in ɗakin soro ne, ya riƙa sirancewa yana hawa. Duk wannan ya sa lokacin gini shi ne rani, daga bayan kaka zuwa kafin faɗuwar ruwa. Bangon da aka ɗora a bazara, hadari na haɗuwa, cikinsa ɗanye ya ke shiga damina, ko da wajensa ya yi kamar ya bushe.

Rufin Soro

Ƙofa ta fari da ruwa ke bi ita ce ta sama. Rufin soro a kan azara ya ke zaune, watau gungumen giginya da aka tsattsaga. Magina sun fi son namijin giginya da ya manyanta, gama zarensa baƙi ne mai tauri, gara ba ta cinsa da sauƙi, ba ya kuma saurin ruɓewa. Amma azara tana da iyaka. In za ta ɗauki rufin ƙasa ba tare da lanƙwasa ba, ba a so ta tsallake abin da ya fi ƙafa 6 da yawa. Wannan ƙaramar iyaka ita ta haifar da yawancin hikimar ginin Hausa. Don a faɗaɗa ɗaki sai aka koyi fito da azara daga bango sahu-sahu, kowane ya ɗan zarce na ƙasansa, har tazarar ta ragu. Daga nan aka kai ga bakan gizo, inda a ke ɗaure azara gaɓa-gaɓa da igiya a lulluɓe ta da ƙasa, da ɗaurin guga, inda baka biyu ko fiye ke gicciye juna su ɗauki tulluwa. Gwanin gwanayen wannan aiki shi ne Babban Gwani, Malam Mika'ilu, wanda a ke kira Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846.

Bisa azara a kan shimfiɗa zana ko ƙirare, a zuba ƙasa, a daddaɓe, a bar ɗan gangare zuwa bakin indararo. Wannan gangare ƙanƙane ne ga ido, amma ran ɗakin yana gare shi. A ɗauki ɗaki mai ƙafa 10 da ƙafa 12. In aka yi ruwa na inci 1, abin da hadari ɗaya kan zubar cikin sa'a guda, ruwan da ya sauka a kan rufin nan ya kai lita 280, watau ya fi cikin babban duro. A Kano ruwan shekara ya kan kai inci 30 ko fiye, kusan sulusinsa kuma a watan Agusta ya ke sauka. In indararo a buɗe ya ke, ruwan nan ya wuce kafin ya jiƙa ƙasa. In kuwa ganye ko tsumma ko leda ko sheƙar tsuntsu ta toshe shi, rufin ya zama tafki, rawanin soro ya zama madatsa. Ruwan ya nutse, ya tarar da kan azara inda ta shiga bango, can inda ba iska. Nan ne azara ke fara ruɓewa, nan ne kuma ido ba ya gani. Mutum ya ɗaga kai daga cikin ɗaki ya ga tsakiyar azara lafiya lau, alhali kuwa kanta biyu sun zama gāri.

Akwai wani kuskure da masu kula da gida su kansu su kan yi. Kowace shekara sai a hau soro a ƙara sabuwar ƙasa a kan tsohuwa, ba a kankare kome ba. Shekara goma ana haka, rufin ya ninka kaurinsa. A ɗakin nan da aka ambata, ƙarin inci 4 na ƙasa ya kusa tan 2, kamar a jibge buhun siminti 40 a bisa kan masu barci, wannan ma tana busasshiya ke nan, balle ta sha ruwa. Azarar da aka auna don nauyin farko ita ce dai ke ƙasa, ga shi kuma ta ƙara tsufa. Sabo da haka in za a yi gyara, a fara share ƙasar da ta mutu, sa'an nan a mayar da gwargwadon abin da aka cire.

Shi kansa indararo, ko na giginya ne, ko na yumɓu, ko na kwano, ya kamata ya fito nesa da bango, kamar ƙafa 2, kuma a liƙe kewayen wuyansa da kyau. Guntun indararo, ko wanda ya fashe, bango ya ke yi wa wanka. Duk wanda ya bi lungunan tsohon birni ya ga irin dogon kwarin nan da ruwa kan sassaƙa a jikin katanga daga indararo har ƙasa. Inda ruwan ke faɗowa kuma a sa dutse ko fasasshen tulu, don kada ya haƙa rami a gindin gini.

Zanko, wanda mutane ke ɗauka ado ne kawai, yana da nasa aiki. Kusurwar rawani ita ce ruwa ya fi ci, domin ta fuska biyu ya ke dukanta, nauyin zanko da kaurinsa kuwa su kan kāre ta. Magina ma su kan rataya igiya a kansa in za su hau yaɓe. A Agadas itatuwan da suka yi cirko-cirko a jikin hasumiya su ne matakan masu gyara, an gina su tare da ita tun farko. Watau masu ginin sun san za a dawo, sun kuwa bar wa masu dawowa wurin sa ƙafa.

Makuba da Laso

Bango tsirara ba ya jure wa ruwa mai iska, musamman na gabas, gama daga gabas hadari ya fi tasowa a ƙasar Hausa. In aka kewaya kowane tsohon gida za a tarar fuskar gabas ta fi sauran zaizayewa. Riga a ke yi wa bango, rigar kuma ita ce yaɓe. An yi ta ne don ta mutu a madadin bango. Ruwa ya ci yaɓe, a sāke wani, tubalin da ke ciki bai san an yi ba.

Don yaɓe ya daɗe sai a haɗa shi da makuba, watau ɓawon ɗorawa da aka jiƙa ko aka dafa, ruwansa ya yi ja-ja-baƙi. In aka kwaɓa ƙasa da shi, ko aka yayyafa a kan daɓe, ya kan sa fuskar ta yi tauri, ruwa ya riƙa zamewa. Mata sun san shi sarai wajen daɓen ɗaki. Amma makuba ba ta wuce damina ɗaya ko biyu a fili sai ta nemi a sabunta.

Wanda ya fi ta ƙarko shi ne laso, simintin Hausa na asali. Da katsi a ke yinsa, watau laka mai toka da ke taruwa a gindin rijiyar marina, a kwashe, a shanya, a ƙone, a dake. A haɗa shi da gashin da majema suka kankare daga fatun awaki, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Da laso a ke shafe rufin soro da rawani da zanko, da shi ma a ke liƙe cikin rijiyoyin marina su kansu, abin da ya isa shaida cewa yana riƙe ruwa. Ya kan yi shekaru kafin ya nemi sāki. Abin lura a nan shi ne yadda sana'o'i uku suka riƙe juna: marini ya ba da katsi, majemi ya ba da gashi, magini ya haɗa. Da rini da bābā ya ja baya, yawancin rijiyoyin karofi suka mutu, har a marinar Ƙofar Mata ta Kano da ta shahara, sai katsi ya yi wuya, laso ya bi shi. Giginya ma ta yi ƙaranci sabo da sara, azara ta yi tsada, har a Nijar tun shekarun 1980 aka shiga koya wa magina yin rufin baka da tulluwa da tubali zalla, ba itace ko ɗaya.

Gindin Bango

Ƙofa ta biyu ita ce ta ƙasa, ta kuwa fi ta sama haɗari, don a hankali ta ke aikinta. Ƙasa tana tsotsar ruwa kamar yadda lagwani ke tsotsar kananzir. In ruwa ya kwanta kusa da gini, danshi ya kan hau cikin bango ƙafa ɗaya ko biyu. Ba shi kaɗai ya ke hawa ba, yana ɗauke da gishirin da ke cikin ƙasa, da na fitsarin mutane da dabbobi, da na ruwan wanke-wanke. Ruwan ya bushe ya tafi, gishirin ya tsaya a fuskar bango, ya yi ƙwaya, ya tura ƙasar ta riƙa zuba kamar gāri. Awaki kuma su zo lasar gishirin su ƙara kwarzane wurin. Ga kuma feshin ruwan da ke faɗowa daga sama ya daki ƙasa ya fantsamo. Shekara kaɗan sai a ga gindin katanga ya rāme ya shige ciki, samanta kuwa na nan da kaurinsa. Bangon da ya kai wannan hali yana tsaye ne a kan rabin ƙafarsa, rabin nan kuma a cikin marka jiƙaƙƙe ne. Yawancin katangun da kan kife gaba ɗaya ta haka su ke tafiya.

Magungunan wannan ba su da wuya. Harsashi ya kai ga ƙasa mai tauri, a yi shi da dutse ko marmara ko bulon siminti, ya fito sama da ƙasa kamar ƙafa 1 ko fiye kafin a fara aza tubali. In da hali a shimfiɗa leda mai kauri ko takardar kwalta tsakanin harsashi da bango, don ta yanke wa danshi hanya. Dakalin ƙofar gida, ban da zaman hira, kāriya ne ga gindin zaure. Tsakar gida ta gangara zuwa rariya, rariya kuma ta zama a buɗe, a liƙe bakinta da siminti ko dutse. Makewayi da wurin wanka da turken dabbobi kada su jingina da bangon ɗakin kwana. Sau da yawa bangon da ya faɗa wa mutum ba ruwan gidansa ya ci shi ba, ruwan wankan maƙwabci ne ta baya, sabo da haka wannan magana ce ta unguwa duka, har da mai unguwa.

A birane wata sabuwar matsala ta ƙaru. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne dā ke karɓar ruwan unguwa. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai, ruwa ya rasa wurin zuwa. In kuma aka yi titi aka ɗaga shi sama da dāɓen tsofaffin gidaje, ko lambatu ya toshe, sai ruwan titi ya komo cikin zaure. Tubalin da ya kwana cikin ruwa ya koma abin da ya ke tun asali, watau laka.

Danshi kuma shi ke kiran gara. Ta kan biyo ta ƙasa, ta haƙa hanya cikin bango har ta kai ga ƙyaure da taga da ƙiraren rufi. Duk inda aka ga jan zanen hanyarta a jikin bango a kankare nan da nan, a bi sawu a nemi shurin. Ɓera da gafiya su kan yi rami a gindi, ruwa ya bi ramin. Tsuntsu ya kan yar da ƙwayar cediya ko durumi a kan rawani, ta tsiro kamar abin wasa, saiwarta ta bi tsaga ta buɗa ta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga magini wannan ba karin magana ba ne, bayanin aiki ne.

Siminti a Kan Ƙasa

Tun da siminti ya wadata, musamman bayan da masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka kuma a 1979, mutane da yawa suka ga hanyar hutawa da yaɓen shekara-shekara ita ce a shafe bangon ƙasa da filastar siminti. Da ganin ido dabara ce mai kyau. Gida ya yi sumul, ya karɓi fenti, shekara uku ko huɗu ba a taɓa shi ba. Amma ƙasa da siminti ba jinsi ɗaya ba ne, ba su kuma yi zaman lafiya. Ƙasa tana kumbura tana tsukewa da damina da rani, siminti kuwa ƙandararre ne, ba ya bin ta. Ba a daɗe sai ya rabu da ita, ya yi 'yan tsage-tsage kamar gashi. Ruwa ya shiga ta nan, ko ta sama inda filastar ta ƙare, danshin ƙasa kuma ya hau ta ciki. Dā can, da yaɓen ƙasa, rana ɗaya ta isa ta busar da bango. Yanzu kuwa siminti ya rufe, ruwan ya shiga ba shi da mafita. Bangon ya yi ta ruɓewa a ɓoye, fuskarsa tana ƙyalli. Ran da filastar ta ɓamɓare ta faɗo falle guda, sai a tarar da kogo a bayanta.

Mai irin wannan gida ya riƙa ƙwanƙwasa bangonsa da ɗan sanda. Inda ya ji ƙara kamar ta ganga, filasta ta saki, gara a fasa wurin a duba da a bar shi. In lalle sai an sa siminti, to, wurinsa shi ne harsashi, da kan rawani, da wuyan indararo, da bakin rariya. In za a shafe jiki duka, a yi kwaɓi mai rauni, yashi da yawa siminti kaɗan, a kafa ƙusoshi ko ragar waya don ya sami abin kamawa, a kuma tabbata ruwa ba shi da hanya ta sama. Hanyar da ta fi wannan ita ce a sa simintin a cikin ƙasar tun wajen yin tubali, kamar kashi 1 cikin 20, a matse da injin hannu. Irin wannan bulo na jar ƙasa yana jure wa ruwa, kuma bai rasa sanyin ɗakin ƙasa ba.

Rufin kwano a kan bangon ƙasa ba laifi, in an bar masa baki ya zarce bango da ƙafa 2, aka kuma ɗaure katakon da waya mai ƙarfi zuwa cikin bango sahu da yawa, don iskar farkon damina ta kan yaye rufin da aka ɗora kawai aka danne da duwatsu. Kwanon da aka yanke daidai da bango kuwa duk ruwansa a gindin gini ya ke zuba.

Kada kuma mai gidan bulo ya ɗauka wannan magana ba ta shafe shi ba. Bulon kirki kashi 1 na siminti ne da kashi 6 na yashi mai tsabta, a yi ta ba shi ruwa har kwana 7, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28. Wanda aka tsawaita buhu don a sami riba, aka bar shi a rana tun ran da aka buga, bai kai tubali mai kyau ba. Kankare ma yana da nasa ciwo. In rodi bai sami lulluɓi na kamar inci 1 ba, ko kwaɓin ya yi ruwa da yawa, danshi ya kan kai gare shi ya yi tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta tura kankaren daga ciki ya fashe. Jan zane a ƙarƙashin dakin, ko ɓallewar ɓawo har rodi ya bayyana, alama ce ta cewa aikin ya yi nisa.

Lokacin Gyara da Lokacin Fita

Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ta a farkon ƙarni na 12, ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye domin ana fitowa gayya ana gyara ta. Bayan da Turawa suka ci birnin a 1903 bukatar tsaro ta kau, gayya ta mutu, sai ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka raba ta tsakaninsu. A wani gefen kuma ga masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 da ƙasa da taimakon mutanen gari, har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Sana'ar ba ta mutu ba inda jama'a ba su sake ta ba.

Sau biyu a shekara ya kamata mai gida ya kewaya gidansa da idon magini. Na fari bayan ɗaukewar ruwa, a Oktoba ko Nuwamba, lokacin da sawun ɓarna ke sabo, a ga inda ya ci, a tanadi ƙasa da makuba. Babban gyara a yi shi da rani. Tsaga ba a shafe bakinta kawai. A buɗa ta, a share, a jiƙa gefenta, a cusa ƙasa har ciki, in babba ce a gitta guntayen azara a ɗinke ta. Gindin da ya rāme a cike shi kaɗan-kaɗan, kowane sahu ya bushe kafin na gaba, ba a tona shi duka a lokaci ɗaya. Na biyu a watan Afrilu ko farkon Mayu, a hau soro a share, a zura sanda cikin kowane indararo, a zuba bokitin ruwa a ga inda ya nufa. Bayan kowane babban ruwa kuma a sāke leƙawa.

Amma akwai alamun da ba na gyara ba ne, na fita ne. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani da aka ambata, ya rufta a kan masu sallar La'asar, mutum aƙalla 7 suka rasu, Allah ya jiƙansu. An ba da labarin cewa kwana ɗaya kafin haka an ga tsaga a ginin, ana kuma shirin kawo masu gyara. Tsakanin ganin alama da faɗuwar gini, a cikin marka, wani lokaci yini guda ne.

Sabo da haka in sabuwar tsaga ta bayyana da damina, musamman a kusurwa ko inda bango biyu suka haɗu, a manna mata takarda ko a ja layi da gawayi a bakinta, a duba safe da yamma. In tana ƙaruwa, a fitar da mutane. Haka in bango ya fara yin ciki ko ya karkata, in ƙyauren da ke rufuwa lafiya ya fara cijewa, in ƙasa tana zubowa daga tsakanin azara, in rufi ya yi tumbi a tsakiya, ko aka ji azara tana ƙara da dare. Ɗakin da ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan kada a kwana cikinsa, ko da za a raba yara gidajen maƙwabta. Kada kuma kowa ya hau jiƙaƙƙen soro don ya toshe yoyo ana cikin ruwa, gama nauyin mutum ɗaya ya isa ya ƙarasa azarar da ta riga ta gaji. A tokare rufin daga ciki da gungume in magini ya ga da hali, a sanar da mai unguwa in katangar ta shafi hanya ko gidan wani, sa'an nan a jira rana ta fito ƙasa ta tsane kafin a taɓa kome.